Ɗaya, Biyu, Uku

A gonar da aka haife ni, can kudancin Ajantina,
inda iska ta kwantar da itatuwa duk gefe guda,
ba a cewa Mama.
Kowace mace 'yar'uwa ce, kowane namiji ɗan'uwa,
uba kuwa ɗaya ne, Don Eulogio mai ƙararrawa,
makullin rumbu a ƙugunsa, makullin bakinmu a aljihunsa.

Ran da aka yaye mu aka kai mu ɗakin yara,
gado goma sha tara, barguna ruwan toka.
Aka ce son jini sata ce daga rabon Ubangiji.
Muka haddace.
Yaro ai abin da aka dama masa shi yake sha.

Sai dai akwai wata mai rabon madara,
siririya, tafinta ya yi kanta don askin tumaki.
In ta miƙo mini kofi
sai ta taɓa bayan hannuna sau uku da ɗan yatsa.
Ba ta dubana, ba na dubanta.
Na ɗauka haka ake ba kowa madara.

Ina shekara shida, wani dare mai ƙanƙara,
aka ɗaga ni da barcina.
Na farka cikin buhun ulu, a bayan motar ɗan kasuwa,
maiƙon tunkiya ya cika mini hanci.
Ta wajen buhun, daidai kafaɗata:
ɗaya, biyu, uku.
Inji ya tashi.

A Comodoro, bakin teku, Nelida na gasa burodi,
mijinta Anselmo na ɗinke ragar masunta.
Suka sa hannu gaban alƙali, suka yafa mini sunansu.
Shekara guda ina ɓoye gutsure ƙarƙashin matashi.
Nelida ta gani, ba ta tanka ba,
kullum dai sai ta manta da wani gutsuren a bakin tebur.
In ƙararrawar coci ta kaɗa, sai in manne da bango,
hannuwa a baya, ido a ƙasa.
Anselmo ya kan ajiye allura, ya zo ya tsaya gefena,
ƙato da shi, har sai ta yi shiru.

Ran da na fara ce mata Mama
na jira ƙasa ta tsage.
Ba ta tsage ba. Burodi ne dai ya ƙone.

Bayan shekara ashirin da shida mai ƙararrawa ya mutu.
Ƙofa ta buɗe, mutane suka fito
kamar tumakin da aka cire wa shinge, suna tsaye inda yake a da.
Wasiƙa ta zo, layi huɗu, ba sa hannu.
Nelida ce ta sayi tikiti biyu.

Tashar motar Esquel, ƙarfe uku na yamma.
Tsohuwa da mayafi ruwan toka,
sai da ta nemi izini kafin ta zauna a bencin kowa da kowa.
Sunanta Amparo. Ranar na fara jinsa.
Ta ce, sannu, 'yar'uwa.

Tambaya ɗaya na goyo tun ina shida,
ta yi nauyi har ta fi ni girma:
motar ai da fili, me ya hana ki hawa?

Ta daɗe tana murza bakin mayafi.
Ta ce, manya da asuba ake ƙirga su.
Yara sai hantsi.

Nelida ta juya baya, wai tana neman sukari a jaka.
Ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayi, ta ba ni.
Na miƙa wa Amparo,
na taɓa kantar hannunta, ɗaya, biyu...

Ba ta bari na cika ba.
Ta waiga ƙofa da sauri, ta ga ko akwai mai kallo.
Direba ne kawai, yana cin lemo,
da wani kare da ke barci a kan buhun wasiƙu.